Yadda gidan rediyon ɗalibai zai shirya shiga gasar lambar yabo

Tun da Jami'ar Legas ta fara watsa shirye-shirye a tasharta ta UNILAG FM a 2004, wadda ita ce ta farko irinta a jami'o'in Nijeriya, gidajen rediyon ɗalibai suka yi ta ƙaruwa, har ta kai ga Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello kowace tana da nata, mu ma a nan Jos muna da Ice FM ta Jami'ar Jos a kan mita 96.1. Ɗaliban da ke aiki a irin waɗannan tashoshi suna yin shirye-shirye masu ma'ana, amma kaɗan ne daga ciki ke isa gaban alƙalan wata gasa, kuma a ganina babban dalilin shi ne ba a fara shiri sai an ga sanarwar gasa saura mako biyu a rufe. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Shirin neman lambar yabo yana farawa ne daga makon farko na zangon karatu.

Abin da za a fara gyarawa shi ne ma'ajiyar shirye-shirye. Duk shirin da ya fita a iska a naɗe shi, a adana asalinsa a tsarin WAV wanda ba ya rage ingancin sauti, sannan a fitar da kwafin MP3 domin aikawa. A sa wa kowane fayil suna mai ɗauke da ranar da aka watsa shi da sunan shirin, a kuma ajiye shi a wuri biyu, ɗaya a kwamfutar tasha, ɗaya a faifan ajiya na waje ko a intanet, domin ɗaukewar wuta ko lalacewar na'ura guda kan iya shafe aikin shekara. A buɗe littafi da za a riƙa rubuta sunan wanda ya gabatar, da wanda ya haɗa sauti, da wanda ya fita ɗauko rahoto, da lokacin da aka watsa. Yawancin gasanni suna karɓar aikin da aka watsa ne a cikin wani ƙayyadadden lokaci, kuma sukan nemi shaida daga shugaban tasha, saboda haka wannan littafin ne zai zama hujja ranar da aka buƙace ta.

Daga nan sai a san gasannin da kansu. Lambar yabo ta Wole Soyinka kan binciken ƙwaƙwaf, wadda aka fara bayarwa a 2005, tana da rukunin rediyo, kuma an saba yin bikinta ranar 9 ga Disamba, ranar yaƙi da cin hanci ta duniya. Akwai kuma lambobin yabo na DAME (Diamond Awards for Media Excellence) da NMMA (Nigeria Media Merit Award), waɗanda suka daɗe suna karrama 'yan jaridar Nijeriya, sai taron karramawa na WAMECA da ake yi a Accra domin 'yan jaridar Afirka ta Yamma. Waɗannan fage ne na ƙwararru, kuma ɗalibi zai kara da ma'aikatan manyan tashoshi. Wanda ya fi kusa da ɗalibai shi ne shirin Campus Reporter na cibiyar bunƙasa aikin jarida ta CJID da ke Abuja, wanda ke horar da ɗalibai tare da wallafa rahotanninsu a intanet, don haka yana da kyau a riƙa mayar da rahoton rediyo mai ƙarfi zuwa rubutu. A ɗora wa ɗalibi guda alhakin bibiyar sanarwar kowace gasa da karanta sharuɗɗanta na wannan shekarar, domin sukan canza.

Zaɓen aikin da za a tura shi ne inda ya kamata a fi daɗewa. Shirin gaishe-gaishe ko na zaɓen waƙoƙi yana iya zama wanda masu sauraro suka fi so, amma alƙalai suna neman rahoton da ya gano abin da ba a sani ba, ya ji ta bakin kowane ɓangare, kuma ya taɓa rayuwar mutane. Jos cike take da irin waɗannan batutuwa. Akwai asarar da masu tumatir da kabeji ke yi a kasuwar Farin Gada saboda rashin wurin adana kaya, akwai kududdufan da haƙar kuza ta bari a kewayen Bukuru da haɗarin da suke da shi ga yara, akwai tsadar hayar ɗakunan ɗalibai a Unguwar Rogo da kewayen Naraguta. Ɗalibin da ya je wurin da ƙafarsa, ya naɗi hayaniyar kasuwa da muryar dillali da ta manomi, sannan ya nemi jami'in da abin ya shafa ya ba shi damar mayar da martani, ya riga ya wuce wanda ya zauna a ɗakin watsa shirye-shirye yana karanta abin da ya kwafo. Idan wata hukuma ta hana bayani, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar nema a rubuce, kuma kwafin wasiƙar da aka rubuta yana ƙara wa aikin nauyi.

A garin da ya sha fama da rikici kamar namu, wajibi ne a yi taka-tsantsan da duk rahoton da ya shafi addini ko ƙabila. Kada a sanya jita-jita, kada a bar kalaman tunzuri su wuce ba a tace ba, kuma a tuna cewa tashar tana ƙarƙashin ƙa'idojin Hukumar Kula da Kafafen Watsa Labarai ta Ƙasa, wato NBC. Babu lambar yabon da ta kai darajar zaman lafiyar unguwa guda.

Ingancin sauti kuwa ba ya buƙatar kayan miliyoyi. Waya mai kyau da ƙaramin makirfo sun isa, muddin an sa masa soso saboda iskar hunturu, wadda kowa ya san ƙarfinta a Filato, an kuma saurari abin da ake naɗa da abin kunne. Manhajar Audacity kyauta ce, kuma ta isa a yanke, a daidaita ƙarfin murya. A guji cusa kiɗan da ba a da izinin amfani da shi.

Ina so in ja hankalin masu shirye-shiryen Hausa musamman, domin su ne suka fi ja da baya, suna ganin kamar gasa ta masu Turanci ce. A duba sharuɗɗa, idan an yarda da harsunan gida, a tura shirin yadda aka watsa shi, a haɗa da rubutaccen abin da aka faɗa da fassararsa ta Turanci, tare da nuna minti da daƙiƙar da kowace magana ta zo. A ba malamin da ya ƙware a harsunan biyu ya duba fassarar. A taƙaitaccen bayanin da ke rakiyar aikin, a faɗi abin da aka gano, da yadda aka gano shi, da abin da ya biyo baya, misali idan an gyara famfon da aka yi rahoto a kansa, a haɗa da hoto ko wasiƙa. Kada a yi ƙari ko kaɗan, domin alƙalai suna iya bincikawa.

Akwai kuma lambobin da ya kamata tasha ta ƙi karɓa. Duk wanda ya aiko da wasiƙa cewa an zaɓi tasharku gwarzuwar shekara, alhali ba ku tura masa aiki ba, sannan ya nemi kuɗin allon karramawa ko na teburi a wurin biki, ciniki yake yi. Gasar gaskiya tana bayyana sharuɗɗanta da yadda take tantancewa, kuma ana iya ganin ayyukan da suka yi nasara a baya.

A cikin gida ma ana iya karramawa ba tare da jiran kowa ba. Ranar 13 ga Fabrairu, wato Ranar Rediyo ta Duniya da UNESCO ta ayyana a 2011, lokaci ne da ya dace tasha ta gayyato tsofaffin ma'aikatan PRTVC, wato gidan rediyo da talabijin na Jihar Filato, ko tashar rediyo ta Highland FM su saurari ayyukan shekara su yi alƙalanci. A ware rukuni ga masu haɗa sauti da masu tace labarai, waɗanda ba a jin muryarsu, a kuma ba kowa takardar shaida mai sa hannun shugaban sashe wadda za ta yi masa amfani wajen neman aiki bayan hidimar ƙasa. Kafin 'yan ajin ƙarshe su tafi, a zaunar da su da waɗanda za su gaje su, su miƙa ma'ajiyar, da littafin shirye-shirye, da jadawalin gasanni, da bayanan da alƙalai suka yi kan ayyukan da ba su yi nasara ba.