Yadda Ake Duba Gidan Morton na Gungume da Dutse

In Allah ya kai ka Prospect Park a jihar Fensilbaniya ta Amurka, kada ka yi saurin shiga gidan Morton da ke bakin rafin Darby. Tsaya a waje tukuna. Za ka ga ɗakuna biyu na gungumen itace, an haɗe su da ginin dutse a tsakiya. Ba lokaci guda aka gina su ba, dutsen daga baya ya zo.

Ni kusurwa nake fara dubawa, domin nan gwanintar magini take. Matsa kusa ka ga yadda aka sassaƙe bakin kowane gungume da gatari har ya zauna daram cikin ɗan'uwansa, ba ƙusa ko ɗaya. Nauyin itacen ne ke riƙe bangon. Wannan sana'a 'yan Suwidin da 'yan Finlan ne suka zo da ita bakin kogin Delaware, inda suka kafa mazauninsu a 1638, kafin 'yan Holan su ƙwace shi a 1655.

Sai ka duba layin da dutse ya haɗu da itace, da abin da aka cusa tsakanin gungumen don tare iskar hunturu. A ciki kuma ka nemi murhu, ka lura da ƙanƙantar tagogi, don gilashi abu ne mai tsada a wancan zamani.

Daga zuriyar Morton, wadda gidan ke ɗauke da sunanta, John Morton ya fito, wanda ya sa hannu a takardar 'yancin kan Amurka a 1776. Don Allah kada ka jingina da bango, tsohon itace ba ya jure hannun jama'a.