Yadda Za Ka Gane Iyakar Abin da Mutanen Unguwarku Suka Sani Game da Tarihi

Sau da yawa ana cewa mutanenmu, musamman matasa, ba su san tarihi ba, alhali galibin masu faɗin haka ba su taɓa zama sun tambayi kowa ba. Gaskiya ne an shafe shekaru ba a koyar da tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare a Nijeriya kafin a dawo da shi, kuma wannan ya bar giɓi. Amma duk wanda yake son cike giɓin, ko malamin makaranta ne, ko mai shirin rediyo, ko shugaban ƙungiyar matasan unguwa, dole ya fara sanin faɗinsa da zurfinsa. Zan kawo misalaina daga Kano ne domin nan na fi sani, sai dai hanyar za ta yi aiki a Katsina ko Zariya ko Damagaram.

Ka fara da zaɓen waɗanda za ka tambaya. Idan ka tsaya kan ɗaliban makarantar boko kawai, abin da za ka auna shi ne manhajar makaranta, alhali kana neman sanin jama'a ne. Ka je majalisar dattawa bayan la'asar, ka je teburin mai shayi, ka zauna da masu sana'a irin su marina da dukawa da 'yan koli, ka kuma nemi malamin makarantar allo da gardawansa. Matan da ke cikin gidaje ka wakilta matarka ko ƙanwarka ta shiga wurinsu, domin a bakin tsofaffin mata ake samun salsalar dangi da labarin ƙaura da yunwa waɗanda maza suka manta. Mutum ashirin zuwa talatin sun isa ga unguwa guda, muddin sun bambanta a shekaru da sana'a da irin karatun da suka yi.

Kada ka bari abin ya zama jarrabawa. Babba ba ya son yaro ya ƙure shi a gaban tsararrakinsa, kuma da zarar ya ga ka zaro takarda da biro zai ce maka shi bai yi boko ba, magana ta mutu ke nan. Ka yi sallama, ka gaisa sosai, sannan ka ce, "Baba, na zo ne a ƙara mini ilimi kan yadda garin nan ya faro." Idan kana son naɗar murya a waya, ka nemi izini tukuna, in an hana ka haƙura ka rubuta bayan ka tashi.

Tsarin tambayoyin shi ne ginshiƙin aikin duka. Ka fara da sunaye domin mutum ya saki jiki, kuma za ka tarar kusan kowa ya san Bayajida da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Sardauna Ahmadu Bello. Sanin suna kuwa ba ya nuna komai sosai, tunda sunayen nan suna kan tituna da makarantu da jami'o'i. Daga nan sai ka koma kan jeri, wato wane ne ya riga wane. Ka tambaya ko Sarki Muhammadu Rumfa ne ya riga Shehu ko Shehu ne ya riga shi. Rumfa ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, Shehu kuwa an haife shi a 1754, saboda haka fiye da shekara ɗari biyu da hamsin ke tsakanin rasuwar na farko da haihuwar na biyu. A nan ne na fi ganin mutane suna tuntuɓe, kuma tuntuɓen yana da nauyi, domin wanda ya rikita wannan jeri shi ne yake ɗaukar cewa jihadi ne ya kawo Musulunci ƙasar Hausa, alhali Wangarawa, malamai da fatake Musulmi daga ƙasar Mali, sun iso Kano tun zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, Shehu Magili kuma, babban malamin Musulunci daga arewacin Afirka, ya zauna a Kano a zamanin Rumfa.

Bayan jeri sai dalili, kuma a nan ya kamata ka fi daɗewa. Ka tambayi abin da ya sa Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, ka ji ko mutum zai ambaci saɓanin jama'arsa da Sarkin Gobir Yunfa. Ka tambayi dalilin da ya sa ake kiran sarkin Maraɗi ta Nijar da Sarkin Katsina, ko abin da ya kai sarautar Zazzau garin da yanzu ake kira Suleja. Wanda ya san cewa zuriyar sarakunan da jihadi ya ture ce ta kafa waɗannan masarautu, to ya fahimci abin da ya haɗa garuruwan da iyakar Turawa ta raba daga baya. Haka kuma ka tambayi yadda Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, da inda Sarkin Kano Alu ya ƙare rayuwarsa, da abin da ya faru a Burmi. Na sha haɗuwa da mutanen da suke zaton sarakuna sun miƙa wuya ne salin-alin, ba su taɓa jin cewa Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a fagen daga a Burmi cikin wannan shekara ba, ko cewa Alu ya rasu a Lakwaja yana zaman gudun hijirar dole.

Ni a ganina bai kamata a tambayi talaka shekarar da abu ya faru ba, sai dai idan shi ya kawo ta da kansa, domin mutanenmu suna da nasu ma'aunin lokaci. Wata tsohuwa da ƙanwata ta shigar da ni wurinta, tana zaune kan tabarma tana tsince shinkafa a faifai, na ce mata, "Iya, ko kin san shekarar da aka haife ki?" Sai ta ce ita ba ta san lissafin Bature ba, amma an gaya mata tana goye lokacin zuwan Sarauniya, tana tallan gyaɗa aka kashe Sardauna, kuma tana da cikin fari aka yi canjin kuɗi. Ba ta faɗi lamba ko ɗaya ba, amma ta jera 1956 da 1966 da 1973 daidai, ba ta sa wani a gaban wani ba. Saboda haka ka tanadi ɗan jadawali a littafinka na irin waɗannan alamomi, ka ƙara da isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, da samun 'yancin kai a 1960, da yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, da komawar tuƙi hannun dama a 1972. Da shi za ka riƙa fassara maganar dattawa zuwa shekarun kalanda.

Wajen rubuta amsoshi, kada ka raba su gida biyu kawai, daidai da kuskure. Akwai wanda ya san suna bai san aiki ba, akwai wanda ya san labarin amma ya jingina shi ga wani sarki dabam, akwai kuma wanda ya ba ka labarin kaka da kakanni. Labarin Bayajida da macijiyar rijiyar Kusugu a Daura, ko na Barbushe a kan dutsen Dala, ba za ka rubuta su a matsayin kuskure ba. Abin lura shi ne ko mai ba da labarin ya san bambancin abin da aka gada a baka da abin da aka rubuta a lokacin da ya faru. Kowace amsa kuma ka tambayi inda aka samo ta, ko a makaranta, ko a wa'azi, ko a rediyo, ko a kirarin maroƙa ranar hawan salla, ko a saƙon WhatsApp. Wannan tambaya ce za ta nuna maka ƙofar da labari ke bi ya shiga unguwarku, kuma ta nan ne gyara zai fi saurin shiga.

Akwai batutuwan da ba a tambaya a bainar jama'a, kamar asalin bauta na wani gida, ko ɓangaren da kakannin mutum suka bi a basasar Yusufawa da Tukurawa wadda ta ɓarke a Kano a 1893. Irin waɗannan sai mutum ya buɗe da kansa, kuma idan ya buɗe, amana ce ya ba ka.

Kafin ka yanke wa kowa hukunci, ka tabbatar da naka amsoshin. Ka ziyarci Gidan Makama a Kano, ko Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, ko cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ka kuma nuna wa malamin tarihi tambayoyinka ya duba. Idan ka gama, ka koma wa mutanen da ka tambaya, ka fara da yi musu godiya da ambaton abin da suka koya maka, sannan ka ɗauki giɓi guda ɗaya da ya fi yawan fitowa ka yi bayaninsa ba tare da kiran sunan kowa ba. Idan jerin zamani ne matsalar, ka tara samarin unguwa wata safiyar Asabar ku faro daga Dala, ku gangara kasuwar Kurmi, ku ƙare a ƙofar Gidan Rumfa, ka kuma roƙi ɗaya daga cikin dattawan majalisa ya raka ku, shi ya riƙa yin bayani a kowane zango.