Man taya: yadda ake zaɓensa da shafa shi a hanyoyin Legas

Duk motar da ta shigo wurin wankinmu a Agege, da tayoyi muke farawa, da su kuma muke gamawa. Ana wanke su tun kafin ruwa ya taɓa jikin mota, amma ba a shafa musu mai sai an tsane jiki da gilasai tas. Masu mota sukan tambaye ni wane mai ne ya fi kyau, ni kuwa nakan ce su fara nuna mini burushinsu. Komai tsadar mai, in ya hau kan taya mai datti, daidai yake da mutum ya shafa man kaɗanya bai yi wanka ba. Ranar zai yi sheƙi, kwana biyu kuma kaushin ya fito ta ƙarƙashi.

Bari in fara da wannan launin ruwan ƙasar da ke fitowa a gefen taya, don mutane da yawa suna ɗauka jar ƙasa ce kawai. Da ƙasa a ciki, amma ba ita kaɗai ba. Kamfanonin taya suna cuɗa robar da wani sinadari mai suna 6PPD, aikinsa ya kare ta daga iskar ozon, wadda ke sa roba ta bushe ta tsattsage. A hankali sinadarin yake tsattsafowa daga ciki zuwa waje, in ya gamu da iskar sai ya rikiɗe ya bar wannan launi. Iskar ozon da ke kusa da ƙasa kuwa daga haɗuwar hayaƙin injuna da zafin rana take samuwa, ga gosulo ga janareta a kowane lungu, ka san ba mu rasa ta ba a garin nan. Saboda haka in ka ga taya ta yi ja-ja, ba lalacewa ta yi ba, kariyarta ce take aiki. Sai dai wanda ya fito ya gama nasa, cire shi ake yi, ba a binne shi da mai.

Wankin da kansa ba shi da wuya, ƙarfin hannu yake so. Ka bar wili ya huce tukuna, musamman in motar ta fito daga doguwar tafiya ko ta sha birki a cunkoso, don sabulu yana bushewa a kan ƙarfe mai zafi ya bar tabo. Ka watsa ruwa ya tafi da laka da yashi. Sannan ka fesa ruwan sabulu mai ƙarfi, irin mai cire maiƙo, ka ba shi kamar minti ɗaya, ka kama burushi mai taurin gashi, na roba ba na waya ba. Ido a kan kumfa. Karon farko za ta fito ruwan ƙasa mai duhu, tana gangarowa ta kan wili. Ka ɗauraye ka sake. Na biyu za ta yi haske-haske. Ba a tsayawa sai kumfar ta fito fara, kuma tayar da aka daɗe ana lafta wa mai tana iya cin zagaye uku ko huɗu. Omo ma yana yi in babu wani, amma a yi masa bokitinsa daban, kada ya je jikin fenti, a kuma ɗauraye shi sosai don yana barin farin gari a cikin rubutun taya. Soda mai cin hannu da ruwan batir, waɗanda wasu ke sawa don wili ya yi fari nan take, suna ƙona wilin alminiyam, tabon kuma ba ya fita.

Tayar da ta wanku, in ta bushe za ka gan ta baƙa-baƙa marar sheƙi, ta ɗan yi toka-toka. Goga farin tsumma a jikinta, in ya fito da maiƙo akwai sauran aiki. Sabuwar taya ma a wanke ta haka, domin tana zuwa da wani santsi daga masana'anta wanda ke hana mai kamawa.

Man da ke kasuwa, ko a Ladipo ka je ko Trade Fair ko manyan kantunan Ikeja, gida biyu ne, duk yawan sunayen da ke jikin robobin. Kusan dukkansu silikon ne ke ba da sheƙin, abin da aka narka shi a ciki ne ya bambanta. Na farko da ruwa aka haɗa shi. Fari ne, ruwan madara, ba shi da warin kirki, kuma yana ba da baƙi mai kwanciyar hankali irin na sabuwar taya. 303 Aerospace Protectant da CarPro Perl a wannan gidan suke, kuma shi Perl ɗin ana iya tsarma shi da ruwa rabi da rabi don taya, abin da ke sa roba ɗaya ta daɗe. Na biyu da dangin man fetur aka haɗa shi. Garai yake ko mai launi, yana da maiƙo a yatsa da ɗan wari mai kama da kananzir, sheƙinsa kuma har ɗaukar ido yake. Mai kaurin nan launin shunayya na Meguiar's, wanda ake kira Endurance, a nan yake, haka ma yawancin gwangwanayen feshi. In rubutun jikin roba ya rikita ka, ɗiga kaɗan a cikin kofin ruwa: na ruwa zai gauraye ya mai da ruwan fari, na mai zai taso sama ya tsaya. Alamar gargaɗin kama wuta a jikin gwangwani ma tana gaya maka da wa kake.

A kula da jabu. Robar da murfinta ya taɓa buɗuwa, ko rubutun ya yi dishi-dishi, ko kuɗinta ya yi arhar da ta wuce hankali, a bar ta a inda aka gan ta.

Wanne za ka ɗauka? Ni hanyar da motar ke bi nake tambaya, da kuma watan da muke ciki. Daga Afrilu zuwa Yuli, lokacin da ruwa ke sauka babu sallama, mota kuma tana kutsawa cikin ruwan da ya kwanta a Lekki ko bakin Oshodi, na ruwa ba ya jurewa, ruwan sama biyu masu ƙarfi sun tafi da shi. A wannan lokaci mai kaurin nan ya fi riƙewa, muddin an shafa shi siriri. Da hunturu kuwa, Disamba da Janairu, ko ga motar da kullum sai ta ratsa layukan da ba kwalta, irin na cikin Igando da Ikorodu, mai maiƙo bala'i ne. Ƙura yake kamawa, kafin a kai babban titi tayar ta koma launin hanya. Nan na ruwa ya fi, don yana bushewa ƙarau, ƙura ba ta samun wurin maƙalewa. In da za a ce in zaɓi ɗaya shekara duka, na ruwa zan ɗauka, in jure sake shafawa kowane wanki. Tayar da ke ƙyalli kamar an jiƙa ta ba ta burge ni, amma wannan ra'ayina ne. Masu sayar da motocin tokumbo, wato na hannu da ake shigowa da su daga waje, da masu ɗaukar amarya sheƙi suke so, kuma kuɗinsu ne.

Akwai wani dattijo da direbansa ke kawo mana farar Camry. Ran nan ya zo da kansa, ya kama hannuna ya kai ni bayan tayar gaba, ya nuna mini ƙofa. Ɗige-ɗige ne baƙaƙe, ƙanana, sun jeru sun yi sama har kusa da mariƙin buɗewa. Ya ce, "Malam, duba mini, fentin ne ya fara tashi?" Na ce, "A'a Baba, man taya ne. An lafta shi da yawa a wani wuri, aka ja motar bai bushe ba, tayar ta watsa shi." Na sa tsumma da ruwan sabulu, yawancinsu suka fita, amma waɗanda suka kwana a rana a kan robar bamba sai da muka sha fama. Wannan watsin shi ne babban laifin man taya, kuma hannu ne ke jawo shi.

Kafin ka shafa, tayar ta bushe sarai. Iskar Legas da laima take, taya ba ta bushewa da wuri da kanta, sai ka bi ta da tsohon tawul. Ruwa yana ɓuya a wurare biyu: cikin haruffan da ke gefe, da kuma ƙaramin ramin da ke tsakanin roba da bakin wili. In kana da injin hura iska, ko kana maƙwabtaka da mai faci, ka hura wurin. In ka bari, ɗigo ɗaya zai gangaro bayan ka gama ya ja layi a kan aikinka.

Soso za ka samu, ka yanka shi daidai tafin hannu. Na katifa mai tauri yana yi. A kan soson ake zuba man, ba a kan taya ba, kuma kaɗan, abin da bai wuce faɗin murfin kwalba ba zai ishi rabin tayar ƙaramar mota. Ka fara daga sama, ka dangwala a wurare uku ko huɗu don kada ya taru wuri ɗaya, sannan ka zagaya da shi kana bin da'irar taya. Wurin rubutu da ƙananan layukan nan masu kama da tsefe, ka goga sama da ƙasa don ya shiga. Tayoyin jif masu manyan haƙora a gefe, soso ba ya shiga lungunansu, ƙaramin burushin fenti mai laushi ya fi. Ka tsaya a kafaɗar taya, inda zanen da ke taka ƙasa ya fara. Ƙasan da ya zauna a kan siminti ba ya shafuwa, sai ka gama huɗun ka tura motar gaba kaɗan, rabin juyi, ka cike gurbin. Yarana sun fi mantawa da wannan, sai mota ta tashi ka ga kowace taya da toka a gefe ɗaya.

In na feshi kake da shi, shi ma a kan soso ka fesa, ka kuma juya wa motar baya. Fesawa kai tsaye tana kai shi kan faifan birki ta tsakanin ƙafafun wili, iska ta kai sauran kan fenti da gilas. Kuma in akwai masu fentin mota kusa da kai, kamar yadda ake zama a garejojin Legas kowa a gefen kowa, kada ka fesa ko kusa. Ƙurar silikon kaɗan in ta sauka a kan ƙarfen da za a fesa wa fenti, fentin yana buɗewa ya yi ƙananan ramuka, kuma faɗan da zai biyo baya ba ƙarami ba ne.

Ka ba shi minti 10 zuwa 15 ya sha. Sannan ka ɗauki busasshen tsumma, wanda ka ware don taya kaɗai, ka bi a hankali ka kwashe abin da bai shiga ba, ka goge bakin wili. Wannan gogewar ce maganin watsi. Mai son ƙarin sheƙi ya ƙara shafi na biyu siriri bayan na farko ya bushe. In da hali, motar ta ƙara kamar rabin awa a inuwa kafin ta hau titi. Mai gaggawa, wanda ya tsaya a kanka yana duba agogo zai kama gadar Third Mainland, na ruwa za ka sa masa ka goge sosai. Ka kuma sa kwali a ƙasa in a gidan mutum kake aiki, don mai maiƙo yana ɓata daɓen intalok, a kan tayil kuma yana kayar da mutum.

Sai abubuwan da ake shafawa a bakin titi don arha. Man birki yana sa taya ta yi baƙi ƙirin, amma yana cin fenti, kuma tayar za ta watsa shi daidai kan ƙofa da madigadi. Baƙin man inji da gas da kananzir suna shiga roba su tausasa ta, su kuma wanke kariyar da ke samanta. Ruwan sukari da lemon kwalba ƙuda da tururuwa suke tarawa. Man goge takalmi yana bushewa ya farfashe. Gilisarin da aka tsarma da ruwa ne kaɗai ba na faɗa da shi, ba ya cutar da roba, sai dai yayyafi ɗaya ya wanke shi, kuma yana ɗan danƙo.

Tayar babur kuwa ba a shafa mata komai, ko na kamfani. Mai babur in ya kwanta a kwana, gefen tayar ne ke taka kwalta, santsi a wurin kuma faɗuwa ce. Haka robar fedar birki da sitiyari, ragowar da ke kan soso kada ta kai can.

Tunda kana durƙushe a gaban taya, ka karanta ta kafin ka shafa. Bayan haruffan DOT da ke gefen taya akwai lambobi huɗu a ƙarshe, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, shekara huɗu take ƙirga wa taya daga ranar da aka yi ta, kamfanin Michelin kuma ya ce ko da zanenta bai siɗe ba kada ta wuce shekara 10. Motar da ke ajiye ba a hawa ta fi saurin tsattsagewar gefe, don juyawa da lanƙwasar roba ne ke turo sinadarin kariyar waje. Mai yana cike ƙananan tsagu ya ɓoye su, shi ya sa tayoyin tokumbo ke sheƙi a gaban shago. In za ka saya, ka sa a goge maka gefen da ruwan sabulu, ya bushe, ka matsa robar da babban yatsa ka duba a hasken rana. In kuma a wurin wanki ka ga tsaga ko kumburi a gefen tayar wani, ka kira mai motar ya gani da idonsa tun tayar tana tsirara, sannan ka ɗauko soso.