Fijo ko 'yar tsere mai ƙofa biyu? Inda masu saye ke yin kuskure

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a auna motocin biyu da gudu. Tsohuwar 'yar tsere irin Datsun 240Z, wadda ta fito a 1969, ko Marsandi SL, za ta bar Peugeot 504 a baya in an hau kwalta mai laushi. To, amma kwalta nawa ce tsakanin gidanka da kasuwar Maigatari? 'Yar tsere a ƙasa take, cikinta na sharar hanya. Da damina, rami guda a kan burji ya isa ya fasa mata salansa. Ita kuwa 504 tana da tsayi daga ƙasa, shi ya sa ta yi shekaru tana jigilar ƙauye. Ka gwada mota a kan hanyar da za ka riƙa bi, ba a bakin garejin dillali ba.

Sai batun kayan gyara, wanda mutane ba sa tunawa sai mota ta kwanta. Kamfanin PAN na Kaduna ya fara haɗa Fijo a 1975, don haka bakaniken Gumel ko Ɗambatta ya san kafiretonta kamar yunwar cikinsa, kayanta kuma ana samu a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, ko da na hannu ne. Na 'yar tsere sai an yi oda daga waje da dala, motar na zaune a ƙarƙashin darbejiya kaji na kwana a ciki. Kafin ka biya, je da bakanikenka, ka tambaye shi: "Malam, in lagireton nan ya fashe, ina za mu samo wani?" In ya yi shiru, ka riƙe kuɗinka.

Sabon fenti ma yana ruɗin mutane. Ɗaga kafet ka duba tsatsa, ka leƙa ƙasan but, ka tayar da injin da sanyin safiya ka ga kalar hayaƙi. Shuɗi na nufin yana shan baƙin mai.

Kujeru kuwa ba sai an faɗa ba: biyu ne a 240Z. Ina uwargida da yara za su zauna ranar biki, balle buhun gero?

Wasu na cewa 'yar tsere kadara ce, tana ƙara daraja. A Turai da Amurka haka ne, inda masu tara irinsu suke da yawa. A nan, in buƙata ta taso, mai sayen Fijo ko Golf za ka fara samu. Kowacce ka zaɓa dai, kada ka karɓi makulli sai lambar shasi ta dace da ta jikin takardu.