Darasi na 9: Bitamin da ciwon dajin furostet

Furostet wani ɗan ƙullutu ne a jikin namiji, a ƙarƙashin mafitsara, girmansa kamar goro. Bututun fitsari yana bi ta tsakiyarsa. Mata ba su da shi. Idan ƙwayoyin halittar da ke cikinsa suka fara yaɗuwa ba tsari, shi ne ciwon daji, kuma baƙar fata sun fi kamuwa da shi.

Masu tallan magani suna cewa bitamin na kashe wannan ciwo. Ga inda maganar ta samo asali: a ɗakin bincike, an zuba sinadarin bitamin D a kan ƙwayoyin ciwon da aka ajiye a faranti, sai yaɗuwarsu ta ragu. Wannan a faranti ne. Da aka ba dubban mutane a Amurka bitamin D kullum, sakamakon 2018 bai nuna raguwar kamuwa da ciwon daji ba.

Na bitamin E ya fi tayar da hankali. An gwada shi a kan maza fiye da 35,000, an ba wasunsu 400 IU (wani ma'aunin ƙarfin bitamin) kowace rana. A 2011 aka gano waɗanda suka sha shi shi kaɗai sun fi kamuwa da ciwon da kashi 17 cikin 100.

Yanzu kowa ya ɗauko kwalbar bitamin ɗinsa. Juya ta baya, inda ƙananan rubutu suke. Ɗora yatsa a kan harafin: C ne, D ne, ko E? Kada ka yi sauri. E yana da sanda uku a kwance, D yana da ciki. Ka gani? Madalla. Ja yatsan zuwa dama, karanta lambar. Bayan lamba akwai ƙananan haruffa, mg (miligiram, ma'aunin nauyi) ko IU, kuma ba ɗaya suke ba. Harafi, lamba, ƙananan haruffa. Sake yi. Idan ka rikice ba komai, koma kan harafin ka faro. Babban mutum na buƙatar 15 mg na bitamin E a rana, kuma gyaɗa, man gyaɗa da ganye suna bayar da shi. Ƙwayar 400 IU ta ninka wannan fiye da sau goma.

Sake dubawa: harafi tukuna, sannan lamba. Haba malam! Launin kwalba ba karatu ba ne. Wanda ya ce "ja ɗin nan nake sha" bai san abin da yake haɗiya ba, kuma lafiyarsa yake wasa da ita.

Darasi na 10: Gwaji

Gwajin jini ne na neman alamar ciwon dajin furostet, sunansa PSA. Daga shekara 45 ka yi wa likita maganarsa, musamman idan mahaifinka ko ɗan'uwanka ya yi ciwon. Tafi da kwalbarka ka nuna, domin bitamin B7 mai yawa na iya ɓata sakamakon.

Darasi na 11

Kwafi harafi da lambar kwalbarka a littafinka, sau biyar.