Darasi na 9: Shirin Jarrabawar Lasisin Tuƙi da Wayar Hannu

Iya murza sitiyari daban, cin jarrabawar lasisi daban. A Najeriya, wanda ya cika shekara 18 yakan fara da makarantar koyon tuƙi wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta amince da ita. Daga nan jami'an VIO, masu duba lafiyar motoci, su gwada shi, a tambaye shi dokokin hanya da alamominta. Tambayoyin nan ne ke kayar da mutane, har da waɗanda suka daɗe suna jan mota a unguwa.

Idan kana da waya mai intanet, za ka iya yin bita a gida. Akwai shafuka da manhajoji masu kawo tambaya ɗaya da amsoshi uku ko huɗu, ka taɓa wadda kake gani daidai ce, nan take a nuna maka ko ka ci. Tambaya goma bayan sallar isha'i kullum ta fi ɗari a daren jarrabawa. Akasarinsu da Turanci suke, don haka babu kunya ka zaunar da ɗanka ɗan makaranta ya karanta maka.

Sai dai fa ka duba ƙasar da aka yi wa tambayoyin. Intanet kasuwa ce, kowa da hajarsa. A Ingila ta hannun hagu ake tuƙi, mu kuwa mun koma hannun dama tun 1972. Tambayar Ingila za ta ce a shataletale ka ba na damanka hanya. A nan motar da ke cikin shataletalen ta hagunka take zuwa, ita za ka jira. Amurka da Ingila da mil suke auna gudu, mu da kilomita. Wanda ya haddace amsar waccan ƙasa ya yi noman gonar wani. Kafin ka ƙona datarka, tabbata shafin ya ambaci Najeriya, kuma ka riƙa gwada amsarsa da littafin dokokin hanya na FRSC.

Alamomi kuwa, fara da siffarsu. Mai kusurwa uku gargaɗi ce: kwana, gada, makaranta a gaba. Zagayayya mai jan baki hani ce. Zagayayya shuɗiya umarni ce. Ja mai kusurwa takwas tana nufin ka tsaya cak, ko da titin babu kowa. Ƙaramar mota a cikin gari kada ta wuce kilomita 50 a awa, a babban titi mai hannu biyu kuwa 100.

Duk tambayar da ka faɗi, rubuta ta a littafinka, ka nemi dalilin amsar wajen malamin tuƙinka. A ɗakin jarrabawa ana iya juya ta, wanda ya yi hadda kawai ya rikice.

Aiki: Gobe a hanyarka ta zuwa kasuwa, zana alamomi biyar da ka gani. Rubuta ma'anar kowace a ƙarƙashinta, ka kawo aji.