Shanya tumatir da ganye a gida: kurakuran da ke jawo asara

Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da tumatirin rani na Kadawa da Kura ya cika kasuwar Yankaba ta Kano, kwando yakan faɗi warwas. Mai dabara a nan take yin kauɗar da za ta kai ta damina, lokacin da tumatir ke gagarar talaka. Sai dai da yawa in an buɗe buhu a watan Yuli, baƙi ake tararwa da warin fumfuna.

Kuskuren farko tun a kasuwa ake yinsa. Uwargida ta ga fasasshen tumatir mai araha, ta ce ai shanyawa za a yi. Rana ba ta gyara ruɓa. Wanda ya fashe ya riga ya kwashi ƙwayoyin cuta, kuma zai shafa wa na kusa da shi. Ki zaɓi nunanne mai tauri, irin dogon nan da ake kira UTC, domin yana da tsoka sosai. Tumatir fiye da kashi 90 cikin 100 ruwa ne, don haka kilo 10 ɗanye ba zai ba ki cikakken kilo 1 busasshe ba. Ki yi lissafinki a kan haka.

Wanki kafin yanka ake yi, a bar shi ya tsane. Yankan kuma ya zama bai ɗaya: ƙanana a raba biyu, manya a raba huɗu, kauri kada ya wuce santimita 1. In wani ya yi kauri wani siriri, siririn zai ƙone, mai kaurin kuma bayansa ya bushe cikinsa da danshi, shi ne mai ɓata sauran a ajiya. A jera su fuskar yankan na kallon sama, kada wani ya hau wani, a ɗan barbaɗa gishiri don ya jawo ruwan.

Wurin shanya shi ne inda aka fi sakaci. Shimfiɗa buhu a ƙasa a tsakar gida gayyatar ƙura ce da ƙuda da kaji, kuma ƙasan tumatirin ba ya samun iska. Kwanon rufi ma bai dace ba, tsamin tumatir yana cin ƙarfen, ga tsatsa. Abin da ya fi shi ne kafinta ya haɗa miki firam na katako da raga, a ɗora kan bulo ko benci yadda iska za ta ratsa ta ƙasa, a lulluɓe da tsohon gidan sauro mai tsabta. Iskar hunturu busasshiya ce, tana aiki sosai, amma ƙurarta ce ke sa miya ƙasa-ƙasa a baki. Da magariba a shigar da shi ɗaki saboda raɓa. Kwana 4 zuwa 6 yawanci sun isa, ana juyawa kullum.

Ganye kuwa hukuncinsa daban. Zogale da rama da yakuwa da kuka a inuwa ake shanya su, a wuri mai iska. Rana kai tsaye tana kashe korensu, tana rage sinadarin bitamin A. In kin ga garin kuka ya koma ruwan ƙasa, rana ce ta ci shi. Kuɓewa a zaɓi ɗanya shar wadda bakinta ke karyewa, kada a sa mata ruwa bayan an yanka, yauƙi zai hana ta bushewa.

Sai ajiya, inda wahalar mako guda kan tashi a banza. Kada a kwashe kaya da zafin rana a ƙulle a leda, zai yi gumi. A bari ya huce tukuna. Gwajin bushewa: attaruhu da tattasai su yi ƙaras-ƙaras, ’ya’yansu na kaɗawa a ciki; ganye ya marmashe a tafin hannu; tumatir ya yi kamar fata, ko an matsa ba laima. A zuba a kwalba ko bokiti mai murfi, a riƙa girgizawa kullum har mako guda. In raɓa ta bayyana a jikin kwalbar, a sake shanyawa. Wanda ya riga ya yi fumfuna a zubar, musamman barkono, don akwai gubar aflatoksin mai illa ga hanta, wadda dahuwa ba ta kashewa.

Kada a daka duka lokaci guda, gari ya fi saurin shan danshi da rasa ƙamshi. A daka na mako biyu, sauran a bar shi rufe, sama da ƙasa, nesa da murhu. Maganin ƙwari irin su fiya-fiya kuma ko kusa da abinci kada ya zo. In ƙwari sun shiga, a baza kayan a ranar tsaka na ’yan awanni, a tankaɗe, a wanke mazubin a busar da shi kafin a mayar.